Sujada ta Cikin Waya: Sharhi a Kan Lahadi Goma Sha Ɗaya

Ran Lahadi 15 ga Maris 2020, da dare, shugaban ƙasar Gana na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya yi jawabi ta rediyo da talabijin, ya hana kowane irin taron jama'a, har da sujada a majami'u da salla a masallatai. Kwana uku ke nan da aka tabbatar da mutum biyu na fari masu cutar korona a ƙasar. Masu bi na Alajo da Nima da Maamobi, a birnin Akra, sun yi sujadarsu da safiyar ran nan kamar kullum, suka gaisa hannu da hannu a bakin ƙofa, suka ce wa juna sai mako mai zuwa. Ba su sake haɗuwa ba sai 7 ga Yuni. Lahadi goma sha ɗaya ke nan cif, a cikinsu kuwa har da Lahadin Ganyen Dabino, da Ista, da Fentikos.

Abin da aka kawo domin ya cika gurbin shi ne sujada ta cikin waya, wato wadda ake watsawa ta Facebook da YouTube da Zoom, da wadda manyan ikilisiyoyi suka riƙa nunawa a talabijin. Annobar ta wuce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kanta a watan Mayu 2023, amma kyamarar da aka kafa a gaban mumbari ba ta sauka ba a wurare da yawa. Tun da yake ta zauna, ya kamata a auna ta yadda akan auna sabon littafin waƙoƙi ko sabuwar fassara kafin a sa a hannun jama'a. A duba abin da ta ɗauko, da abin da ta zubar a hanya, da waɗanda ta bari a baya.

Sai an san jama'ar tukuna. Nima da Maamobi zango ne, Musulmi suka fi yawa, Alajo kuwa gauraye take, tana kwance a bakin rafin Odaw mai ambaliya da damina. Hausa ce harshen kasuwa da na tsakar gida a unguwannin nan, ko ga wanda ba a haife shi da ita ba. Masu bi na cikinsu da yawa 'yan arewacin Gana ne, Frafra da Kusasi da Dagaaba da Builsa, akwai kuma na Togo da Burkina Faso da Nijar da arewacin Nijeriya. Masu gadi ne, da leburori, da madinka, da direbobi, da mata masu sayar da koko da ƙosai, da 'yan mata masu dakon kaya a kasuwa. Waɗansu suna zuwa majami'ar Katolika ta St. Kizito a Nima, waɗansu na Fentikos ko Firesbiteriya ko Metodis, waɗansu kuma ƙananan ikilisiyoyi ne masu hayar ajin makaranta ran Lahadi. Gidajensu na haya ne, iyali guda a ɗaki guda, tsakar gida ɗaya ta kowa da kowa. Duk wanda zai yi zancen sujada ta waya bai sa wannan ɗaki a gabansa ba, zancen waɗansu mutane dabam yake yi.

Akwai masu cewa na'ura baƙuwa ce a cikin ibada. Tarihin ikilisiya bai goyi bayansu ba. Manzo Bulus da takarda da tawada ya yi kiwon ikilisiyoyin da bai iya zuwa wurinsu ba. Injin ɗab'i ne ya sa cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a hannun masu bi a 1932. Rediyo ELWA ta fara aiki daga Monrobiya a 1954, tana da shirye-shiryen Hausa, har zuwa 1977 kuma Muryar Bishara ta riƙa shirya nata a Jos, ana watsa su daga Adis Ababa. Bayan su ga majigi, ga kaset. A nan Akra ma, ƙungiyar Theovision ta yi shekaru tun 1989 tana ɗaukar Maganar Allah da murya cikin harsunan Afirka saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Tambayar ko ya halatta, kakanni sun riga sun amsa ta.

Amma akwai abu ɗaya da dukan waɗannan suka yi tarayya a kai, wanda ba a cika lura da shi ba. A taro ake jin su. Wasiƙar Bulus mutum ne yakan ɗauke ta, kamar Tikikus, wanda aka aika musamman domin ya faɗi sauran labari da bakinsa, ya kuma ƙarfafa zukatan 'yan'uwa (Afisawa 6:21-22), sa'an nan a karanta ta a gaban ikilisiya duka (Kolosiyawa 4:16). Rediyon da ke kama ELWA guda ɗaya ne a unguwa, akan kewaye shi a gindin bishiya, in an gama a yi ta muhawara. Majigi ba a kallonsa a ɗaka. Wayar hannu ce na'ura ta farko da ta shigo ikilisiya wadda aka ƙera domin ido biyu da kunne biyu kaɗai.

Ga yadda akasarin sujadar nan take. Ana kafa kyamara, ko waya a kan sanda mai ƙafa uku, tana fuskantar mumbari. Mutum biyar ko shida ne a ɗakin: mai wa'azi, mai karanta nassi, mai kiɗa, mawaƙa biyu, da saurayin da ya san kan na'ura. Kujeru suna bayan kyamara, wayam, ba a nuna su. A yi waƙa, a yi addu'a, a yi wa'azi mai tsawo, a ƙasan allo kuwa lambar da za a aika baiko tana ta wucewa.

Wa'azi ya tsira a cikin wannan tsari, wani lokaci ma ya fi kyau, gama mai wa'azin da ya san ana ɗaukarsa yakan shirya sosai. Abin da ya ɓace shi ne aikin jama'a. A sujadar zango jama'a ba 'yan kallo ba ne. Su ne masu amsa waƙa, zumuntar mata ta tashi da tulunta da kacau-kacau, wani dattijo ya yi addu'a cikin Kusasi a amsa masa da Hausa, wata ta ba da shaida cewa ɗanta ya sami aiki. Ga kuma sanarwa, wadda ake rainawa alhali kuwa ita ce jijiyar ikilisiya: wance ta haihu, wane yana kwance a asibitin Maamobi, a je a gaishe shi. Kyamara ido ɗaya gare ta, mumbari take kallo. Mako goma sha ɗaya tana koya wa mutane, ba da baki ba, cewa sujada abu ce da fasto yake yi, sauran su duba. An ce wa masu kallo su rubuta amin a ƙarƙashin hoton. To, tsohuwar da amin ɗinta yake girgiza kwanon rufi ba ta shiga aji ba. A sujadar waya bebiya ce.

Lambar da ke nuna yawan masu kallo ma ta ruɗi fastoci da dama. Wanda bai taɓa tara mutum tamanin ba ya ga ɗari biyar, ya ce Ubangiji ya buɗe ƙofa. Wataƙila ya buɗe. Sai dai Facebook yakan ƙirga wanda ya tsaya daƙiƙa uku kacal a kan hoto cikin waɗanda suka kalla. Kuma a cikin waya, faston ajin makaranta yana jere ne kafaɗa da kafaɗa da manyan masu wa'azi na Akra da Legas da Amurka, masu fitilu da mawaƙa hamsin, yatsan saurayi kuwa ba ya da wuyar zamewa. Abin tausayi ne ganin ƙaramar ikilisiya tana kwaikwayon muryar manya da ihunsu, ta bar abin da ta fi su da shi, wato sanin sunan kowa.

Sai maganar harshe. A cikin majami'a tafinta yana tsaye kusa da mai wa'azi, in babu shi maƙwabcin benci yakan raɗa wa tsoho abin da aka ce. Da aka koma waya, mai wa'azi bai san wanda ke jinsa ba, sai ya zaɓi harshen da zai kai nesa, Turanci ko Twi. Juyi yana ninka lokaci, lokaci kuwa kuɗi ne ga mai kallo, saboda haka tafinta ne aka fara sallama. Gidan rediyon gwamnatin Gana ya daɗe da sa Hausa cikin harsunan ƙasa shida da yake watsa labarai da su. Abin kunya ne a ce mai gadi Bafrafre zai ji labarin duniya da Hausa, amma wa'azin Ista na ikilisiyarsa ya zo masa da harshen da yake tsinta ɗai-ɗai.

Kuɗin kuwa ba ƙarami ba ne. Daga 30 ga Maris har mako uku aka kulle Akra da Kumasi, mai cin abincin yau daga aikin yau ya zauna hannu wofi. Gwamnati ta ɗauke kuɗin ruwa na wata uku, ta rage na wuta, amma harajin sadarwa yana kashi tara cikin ɗari, ba a sauke shi zuwa kashi biyar ba sai Satumba. Kallon hoto mai motsi na sa'a biyu yana lashe data kamar wuta a busasshiyar ciyawa. A ɗauki misalin gwauruwa mai sayar da koko a Alajo, wadda ba ta fita da tukunyarta ba kwana goma. In tana da sidi biyar, garin rogo za ta saya, kuma daidai ta yi. Wayarta ma ƙarama ce mai madannai, babbar wayar gidan ta ɗanta ce, shi kuwa yana da nasa abin kallo. Ko da an sami wayar da datar, akwai tsakar gida. Mai bi da ke haya a gidan Musulmi, a makonnin da azumin Ramadan ya faɗo a ciki, ladabi ba zai bar shi ya ƙure murya ba. Wanda kuma shi kaɗai ne mai bi a cikin danginsa, majami'a ce kaɗai wurin da yake buɗe baki ya raira waƙa. Waya ta ba shi sujada ta abin sawa a kunne, leɓe a rufe.

Wani ɓangare guda ne na sujada ya kai ga kowa tun makon fari, shi ne baiko. Aika kuɗi ta waya, wanda ake kira MoMo, ya shigo Gana tun 2009, ba ya bukatar intanet, ƙaramar waya ma tana yi, kuma a watan Maris ɗin nan Babban Bankin Gana ya sa aka ɗauke ladan aika kuɗin da bai wuce sidi ɗari ba. Sai ya zamana gwauruwar da wa'azi bai isa ɗakinta ba, lambar baiko ta isa. Ba daidai ba ne a yi wa fastoci kuɗin goro a nan. Da yawansu baikon Lahadi ne abincin 'ya'yansu, ga kuɗin haya ba ya jiran annoba. Ikilisiyoyi kuma sun yi abin kirki a fili: sun taya gwamnati rabon abinci a lokacin kulle, Ikilisiyar Fentikos ta ba da babban wurin taronta na Gomoa Fetteh domin killace masu cutar. Duk da haka tambayar tana nan. Hanyar MoMo tana da zuwa tana da dawowa. Gudummawar da Bulus ya ce Korantiyawa su riƙa ajiyewa kowace ranar farko ta mako, ta matalautan Urushalima ce (1 Korantiyawa 16:1-3). Ikilisiyar da ta bi wannan, ta aika wa gwaurayenta sidi ashirin ashirin ta lambar da take karɓa da ita, ta yi amfani da na'ura yadda ya dace. Wadda ta iya karɓa kawai, mutanenta sun gani, kuma ba su manta ba.

Inda waya ta yi aikin da ba mai iya musunsa shi ne jana'iza. Doka ta ce kada masu binne gawa su wuce ashirin da biyar. Iyalai da yawa a kudu suka bar gawawwakinsu a ɗakin sanyi suna jiran a saki doka, amma talakan zango ba shi da kuɗin jira. An rufe iyakokin ƙasa a ƙarshen Maris 2020, filin jirgin saman Akra ya buɗe ran 1 ga Satumba, iyakokin ƙasa na mota kuwa sai 28 ga Maris 2022. Shekara biyu ke nan ɗan'uwa na Lome ko Wagadugu ko Yamai ba shi da halaliyar hanyar zuwa gaisuwar mutuwa. A nan saurayin da ya ɗaga waya a bakin kabari, uwa a Bawku ko ɗa a Italiya suna gani ana sa nasu a ƙasa, suna amsa addu'a, ya yi hidimar da ta kai ta dikin. Dalilin da ya sa wannan ta yi kyau a fili yake. Waɗanda ke gefe biyu na wayar sun san juna, kuma kowa yana iya magana.

Haka nan saƙon murya na WhatsApp, wanda ba a yi masa kirari ba domin ba shi da hoto. Minti biyar na karatun nassi da gajeren bayani da addu'a, cikin Hausa ko Frafra, ba ya cin data sai kaɗan. Ana iya tura shi daga waya zuwa waya, a saurara sau uku, a kunna wa tsohon da ke kwance. Ba ya neman wanda ya iya rubutu, mai ji kuma yana iya danna wuri ɗaya ya mayar da nasa: an gode, ga abin da ke damuna, a yi mini addu'a. Ƙasa da wannan ma akwai kira na yau da kullum. Inda dattawa da shugabannin zumuntar mata suka raba sunaye a tsakaninsu, kowa ya kira gida goma a mako, ya tambayi lafiya, ya tambayi abinci, ya yi addu'a yana ambaton sunan mutum, a nan aka ga jikan Tikikus. Mafi arahar na'urori ne suka fi yin aikin makiyayi, amma kuɗin ikilisiyoyi da hankalinsu wajen kyamara suka tafi.

Jibin Ubangiji shi ne wurin da ra'ayi ya rabu sosai. Katolika ba su yi wata-wata ba: ana iya kallon hadaya ta talabijin, a yi marmarin tarayya a zuci, amma ba a karɓa ta allo. Fafaroma Fransis, wanda duniya ta gani shi kaɗai cikin ruwan sama a dandalin Bitrus ran 27 ga Maris 2020, shi ne kuma ya yi gargaɗi ran 17 ga Afrilu cewa bangaskiyar da ba jama'a ba jibi tana da haɗari, wannan hali na matsi ne, ba a nan za a zauna ba. Waɗansu masu wa'azi kuwa suka ce kowa ya nemo burodi da abin sha ya ajiye a gaban talabijin, za su sa albarka daga can.

Ba a raina yunwar da ta sa mutane suka yi haka. Ista ce, mutuwa tana yawo, mutum yana so ya taɓa wani abu. Amma Bulus ya kafa maganar jibi a kan gurasa ɗaya da mutane da yawa suke ci (1 Korantiyawa 10:17), ya kuma tsawata wa Korantiyawa domin masu hali suna ci ba su jira marasa hali ba (11:21-22, 33). Jibin allo ya maimaita laifin Koranti daidai: mai data ya ci, mai koko ba ta ci ba. Ban da haka, a ikilisiyar zango dattawa sun san waɗanda ba sa ga maciji da juna, sukan sulhunta su kafin ranar jibi. Wa zai sulhunta masu kallo? In kuma wani ya kalli hoton ran Talata, ya kawo nasa burodin, albarkar ran Lahadi tana nan a ciki? Wanda ya ce tana nan ya mai da addu'a laya. Jira ya fi. Mutanen Yahuza sun yi shekaru a Babila ba bagade ba hadaya, Allah kuwa bai yashe su ba, a can ne ma suka koyi riƙe Maganar a gidajensu.

Wannan ya kawo zance ga wata ɓarna da na'ura ta yi tun kafin annoba, annoba ta tona ta kawai. Shekaru da dama ikilisiyoyin birni suna haska waƙoƙi da ayoyi a bango, mutane suka daina zuwa da littafi, daga baya suka daina saye. Da aka rufe ƙofa, bango ya tafi da waƙoƙinsa. Gidan da ke da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi, ko da sun tsufa sun yayyage, da uba ko uwa da suka haddace Addu'ar Ubangiji da Shaidar Bangaskiya da Dokoki Goma a ajin baftisma, sun yi cikakkiyar sujada a kan tabarma ba tare da sisin kwabo ba. Yara sun ji muryar ubansu yana karatu, waɗansu a karo na fari. Da shugabanni sun kashe rabin ƙarfin da suka kashe wajen neman kyamara a kan rarraba takarda guda mai tsarin sujadar gida, da an fi cin riba.

A ɗaya gefen akwai waɗanda suka ga Shaiɗan a cikin na'urar kanta. A watan Afrilu 2020 jita-jita ta cika wayoyi cewa sabuwar hanyar sadarwa ta 5G ce ke kawo cutar. Fasto Chris Oyakhilome na Nijeriya yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan, har hukumar kula da gidajen watsa labarai ta Ingila ta hukunta tasharsa ta Loveworld a watan Mayu 2020, a 2021 kuma ta ci ta tarar fam dubu ɗari da ashirin da biyar saboda irin waɗannan maganganu. A shekarar nan babu 5G a Gana ko kaɗan, cutar kuwa tana nan. Abin dariya, gargaɗin a guji na'ura ta cikin na'ura ya zo. Da allurar rigakafi ta iso ran 24 ga Fabrairu 2021, guda dubu ɗari shida, Gana ce ƙasa ta fari da ta karɓa ta shirin COVAX, sai zancen ya koma kan alamar dabbar nan ta Wahayin Yohanna sura 13. Alamar nan kuwa, ga mai karatu da natsuwa, maganar wanda mutum yake yi wa sujada ce. Littafin da suke riƙe da shi ya ba da surori a kan keɓe mai cuta da duba shi bayan kwana bakwai (Littafin Firistoci 13), Martin Luta kuma, da annoba ta faɗa wa Wittenberg a 1527, ya zauna yana hidima, yana kuma koya wa mutane su sha magani su guji cuɗanya marar dalili.

In an duba da kyau, mai tsoron ƙarfen sadarwa da mai cewa a ɗora hannu a kan allon talabijin a karɓi warkarwa, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dukansu sun gaskata akwai wani iko a cikin akwatin, wannan ya ce na aljanu ne, wancan ya ce na Ruhu ne. Waya dai waya ce, kamar jakin da ya kai wasiƙa. Sai dai a yi wa masu gunaguni adalci a wuri ɗaya. Da suka ce don me kasuwa tana ci majami'a tana rufe, tambaya ce mai nauyi, ko da yake amsarta ita ce ciki ba ya jira, waƙa cikin rufaffen ɗaki kuma tana baza cutar fiye da ciniki a sarari. An kama waɗansu fastoci da suka yi taro, a 2023 kuma Kotun Ƙoli ta Gana ta ce dokar da aka kafa hanin a kanta ta saɓa wa tsarin mulki.

Maƙwabta sun bi wata hanya da ta isa a lura. A watan Afrilu 2018 ministan muhalli na lokacin, Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng, ya ba da shawara a riƙa aika kiran salla ta WhatsApp ko rubutaccen saƙo domin rage ƙara. Musulmi suka ƙi, suka ce ba kowa ke da waya ba, kuma kiran na unguwa ne duka. Shekara biyu bayan haka, da masallatai suka rufe bisa ga umarnin gwamnati da goyon bayan Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ladanai suka ci gaba da kira, mutane suna salla a gida. Idin ƙaramar salla na 24 ga Mayu an nuna shi ta talabijin daga gidan rediyon gwamnati, sun yi amfani da na'ura ke nan su ma. Amma sau biyar a yini murya tana ratsa Nima kyauta, tana gaya wa mai kuɗi da marar kuɗi cewa lokaci ya yi, 'yan'uwanka suna tsaye yanzu kamar kai. Ikilisiya tana da irin wannan tun dā, ƙararrawa. Majami'u da yawa na birni sun yar da ita, ƙananan da ke haya kuwa ba su taɓa mallakarta ba.

Ran Lahadin Fentikos, 31 ga Mayu, shugaban ƙasa ya sanar da buɗewa: masallatai ran Jumma'a 5 ga Yuni, masu kiyaye Asabar ran 6, sauran majami'u ran 7. Sharuɗɗan suna da tsanani. Kada a wuce mutum ɗari ko kashi ɗaya cikin huɗu na masu zuwa, kada a wuce sa'a guda, kowa da takunkumi, tazarar mita guda, ba musafaha, ba rawa a cunkushe, a goge makirfo bayan kowane mai magana. Sai 1 ga Agusta aka ɗage iyakar yawan mutane, aka mai da lokaci sa'a biyu. A bakin kowace ƙofa ga bokitin Veronica, bokiti mai famfo da kwano a ƙasa, wanda wata ma'aikaciyar kimiyyar lafiya 'yar Gana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙira shekaru da yawa kafin korona. Ba wanda ya yi wa'azi a kansa, ba wanda ya ce alamar dabba ce, ga shi kuwa yana cikin na'urorin da suka sa sujada ta yiwu.

Akwai sharaɗi ɗaya kuma: a ajiye littafi a ƙofa, a rubuta sunan duk wanda ya shigo da lambar wayarsa, domin a iya bin sawu in cuta ta ɓulla. Ikilisiyoyi da dama a ran nan suka fara mallakar cikakken jerin lambobin mutanensu, abin da suka bukata tun watan Maris, gwamnati ce kuwa ta tilasta musu. Wanda ya ɗauko irin littafin nan na 7 ga Yuni 2020, ya jera shi da littafin baftisma na ikilisiyarsa, zai ga sunayen da ke cikin na biyu ba sa cikin na fari: tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini da aka shawarta su zauna gida, masu dakon kaya da suka gudu arewa a farkon kulle, masu gadin da aka sallama daga aiki, samarin da suka sami wani mai wa'azi a YouTube. Waɗansunsu sun dawo a Agusta, waɗansu da Kirsimati. Waɗansu kuwa har yau in an tambaya akan ce suna bi ta waya, ba wanda ya taka zuwa ɗakinsu ya duba.